Masu farautar barewa a Wisconsin, ku kula da hita da nama

'Yan'uwa masu fita farauta a Nuwamba kuna kwana a ɗakin da mota ke ja, don Allah kada ku yi barci da hitar gas a kunne. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. Ku ɗan buɗe taga.

Tufafin farauta a rufe su cikin roba a waje, barewa na jin ƙamshin suya tun daga nesa.

Da ta faɗi, a fitar da kayan ciki nan take, a tokare ƙirjin da itace iska ta ratsa. Naman ya huce zuwa ƙasa da digiri 4 a ma'aunin Celsius, in ba haka ba cinya za ta fara ɗoyi daga jikin ƙashi.