Yadda Ake Gano Matsalar Iyafis Mara Igiya Idan Ya Ƙi Haɗuwa da Waya

Tun bayan da kamfanin Apple ya fito da AirPods a ƙarshen shekarar 2016, iyafis mara igiya ya bazu a hannun jama'a, har ya zama kusan kowane kamfanin waya yana da irin nasa, daga Galaxy Buds na Samsung zuwa na Oraimo da suka cika shagunan Kano da Kaduna da Maraɗi. Ƙorafin masu amfani da shi kuwa bai wuce uku ba: ko dai ya ƙi haɗuwa da waya gaba ɗaya, ko kunne ɗaya ya yi magana ɗayan ya yi shiru, ko kuma sauti ya riƙa yankewa ana tsaka da sauraro. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke saurin yanke hukuncin cewa na'urar ta mutu, su jefa ta a durowa su sayi sabuwa, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Wannan 'yar na'ura tana da haɗi guda uku, kuma kowanne yana iya samun tasa matsalar. Akwai haɗin da ke tsakanin iyafis da akwatin cajinsa, inda wasu ƙananan ƙarafa ke taɓa juna. Akwai haɗin da ke tsakanin na kunnen dama da na hagu. Sannan akwai wanda ke tsakaninsu da wayar. Duk wanda bai tsaya ya gano wanne ne ya yanke ba zai yi ta danne-danne har ya gaji, kuma ko da abin ya gyaru ba zai san dalili ba, gobe idan ya sake faruwa sai ya koma gidan jiya. Saboda haka a riƙa canza abu ɗaya, a gwada, sannan a matsa zuwa na gaba.

A fara da akwatin caji, domin a nan ne mafi yawan matsalolin suke ɓuya, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Aikin akwatin ya wuce ba da wuta. A yawancin iyafis, taɓuwar ƙarafan nan ita ce ke gaya wa na'urar cewa an mayar da ita gida, ta kashe kanta ta saki wayar, rabuwarsu kuma ita ce ke kunna ta idan an ɗauko. Idan gumi ya bushe a kansu, ko dattin kunne ya lulluɓe su, ko ƙurar hunturu ta taru a ƙasan ramin, abubuwa biyu ne ke faruwa. Na farko, kunne ɗaya zai kwana a akwati bai sha caji ba, da safe a ɗauko shi a mace. Na biyu, iyafis ɗin zai ci gaba da riƙe wayar yana cikin akwati a aljihu, sai a kira mutum ya ɗaga ya kara a kunne bai ji komai ba, domin muryar mai kiran tana can tana fita a cikin akwatin. Wanda ya ga haka yakan ɗauka sifikar wayarsa ce ta lalace.

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi. A samu tsinke mai auduga a goge ƙarafan jikin iyafis ɗin da na cikin ramin akwatin, idan dattin ya kama sosai a ɗan jiƙa audugar da sifirit kaɗan, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Kada a sa allura ko wani ƙarfe a ciki, kuma kada a yi amfani da ruwa. Ƙarafan cikin akwatin da yawansu suna da ɗan sifirin a ƙasa, don haka idan aka danna su a hankali ya kamata su lotsa su dawo. Wanda ya lotsa ya ƙi dawowa shi ne bakin zaren. Bayan an goge, a saka kowane kunne shi kaɗai a lura ko fitilar caji ta nuna alamar ta gan shi. Idan sabo ne fil daga kwali, a duba ko akwai siririyar leda da aka manna a kan ƙarafan, a ɓare ta. Idan kuma an canza robar bakin iyafis ɗin zuwa babba, tana iya hana shi zama daidai a raminsa ko ta hana murfi rufuwa. Shi kansa akwatin a tabbatar yana da caji, domin akwatin da ya mutu ba ya iya kashe iyafis ɗin ko kunna shi yadda ya kamata. A jona shi da wuta na kamar rabin awa da kunnuwan biyu a ciki kafin a ci gaba da kowane gwaji.

Idan caji ya tabbata amma har yanzu sunan iyafis ɗin bai fito a waya ba, tambayar farko ita ce: wace na'ura ce yake haɗe da ita a yanzu? Iyafis yana komawa ne kai tsaye wurin na'urar da ya yi aiki da ita a ƙarshe, kuma da zarar ya kama ta, yawanci yakan daina bayyana ga sauran. A gidan da ake aron kaya wannan yana yawan faruwa, domin ƙanenka ya ara jiya ya haɗa da tasa wayar, yau kuma wayar tasa tana ɗakin da ke kusa da Bluetooth a kunne. Haka ma kwamfutar da ke cikin jaka ba a kashe ta ba. A kashe Bluetooth a duk na'urar da aka taɓa haɗa shi da ita, sannan a sa shi a yanayin neman sabon haɗi. A AirPods masu maɓalli a bayan akwati, ana buɗe murfi da kunnuwan a ciki, a danna maɓallin a riƙe har fitilar ta fara ƙyaftawa da fari. A yawancin Galaxy Buds kuwa ana barin su cikin akwati a buɗe, a ɗora yatsu a kan wurin taɓawa na duka biyun a riƙe na 'yan daƙiƙu. Sauran kamfanoni kowanne da tsarinsa, don haka 'yar takardar da ke zuwa a kwali ta cancanci a adana ta.

Akwai kuma yanayin da sunan yana nan a jerin wayar, amma ana danna shi sai ya yi ta juyawa ya ce ya kasa. Dalilin yana cikin yadda Bluetooth ke aiki. Ranar da aka fara haɗa na'urori biyu, suna ƙulla wani makullin sirri a tsakaninsu, kowacce ta ajiye nata, kuma da shi suke gane juna duk lokacin da suka sake haɗuwa. Idan ɗaya ta manta makullin, misali an goge ƙwaƙwalwar iyafis ɗin, ko an haɗa shi da wayoyi da yawa har ya ture tsohuwar daga jerinsa, wayar za ta ci gaba da miƙa tsohon makulli shi kuma yana ƙin karɓa. Kashe Bluetooth a sake kunnawa ba ya warkar da wannan. Dole a shiga saitin wayar, a taɓa sunan iyafis ɗin a zaɓi inda aka rubuta Forget ko Unpair, sannan a mayar da shi kansa iyafis ɗin yadda ya fito daga kamfani, don ɓangarorin biyu su fara daga farko. A AirPods masu maɓalli ana yin haka ta hanyar riƙe maɓallin na kimanin daƙiƙa 15, har fitilar ta ƙyafta da ruwan lemo sannan ta koma fari.

Kafin a ɓata lokaci mai yawa, akwai gwaji guda da ke raba gardama: a haɗa iyafis ɗin da wata waya daban, sannan a haɗa wata na'urar Bluetooth, ko da 'yar sifika ce, da wayar da ake zargi. Wannan gwajin yana yiwuwa ne saboda ƙa'idar Bluetooth ɗaya ce ga kowa. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, sannan a 1998 ya haɗu da Nokia da Intel da IBM da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da ita. Shi ya sa AirPods ke aiki da Tecno ko Infinix, sai dai ba za a ga hoton da ke tasowa a fuskar iPhone ba. Idan iyafis ɗin ya yi aiki da wayar wani, to laifin na wayarka ne. A kashe ta a kunna, a duba ko akwai sabuntawar da ke jira, a cire tsarin tsimin batir. Idan ana amfani da manhajar kamfanin iyafis ɗin, a tabbatar an ba ta izinin ganin na'urorin da ke kusa, wanda Android ta ware shi daban tun daga Android 12. Mataki na ƙarshe shi ne goge saitin Wi-Fi da Bluetooth gaba ɗaya, amma a rubuta kalmomin sirrin Wi-Fi tukuna domin za su tafi.

Matsalar kunne ɗaya kuwa, idan ba caji ba ne, yawanci kunnuwan ne suka ɓace wa juna. A iyafis da yawa, musamman masu araha, ɗaya ne ke magana da waya sannan ya miƙa wa ɗan'uwansa sautin. Alamar rabuwarsu ita ce a ga sunan ya fito sau biyu a jerin wayar. A goge duka sunayen, a kashe Bluetooth na wayar, a mayar da kunnuwan akwati a rufe na ɗan lokaci, sannan a ɗauko su tare a ajiye kusa da juna. A ba su 'yan daƙiƙu su nemo juna kafin a kunna Bluetooth, domin idan aka yi gaggawa wayar za ta cafke ɗaya ta bar ɗayan. Idan duka suna magana amma ɗaya muryarsa ta yi ƙasa, a duba ragar bakinsa ko datti ya toshe ta, a share da busasshen buroshi mai laushi, sannan a leƙa sashen Accessibility na wayar ko ma'aunin dama da hagu ya karkata.

Yankewar sauti tana da nata bayanin. Bluetooth yana amfani da zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi da na'urar ɗumama abinci ma suke ciki, kuma don kauce wa karo yakan riƙa tsalle tsakanin tashoshi 79 har sau 1,600 a daƙiƙa guda. Dabarar tana aiki, amma idan wuri ya cika da na'urori, kamar kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko babbar tashar mota, tashoshin da babu kowa a kai sukan yi ƙaranci. Don haka iyafis ɗin da ke yankewa a kasuwa amma yana lafiya a gida ba shi da ciwon komai. Nisan da aka tsara wa irin waɗannan na'urori kimanin mita 10 ne a fili, bango kuma yana rage shi ƙwarai. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne jikin ɗan Adam ma shinge ne, saboda ruwan da ke cikinsa yana shanye wannan sigina. Wayar da ke aljihun baya na wando, a ɓangaren da ba na kunnen da ke magana da waya ba, sai siginarta ta ratsa gangar jiki kafin ta isa. Mayar da ita aljihun gaban riga kaɗai yakan kawo ƙarshen matsalar. Idan wayar tana raba data ga wasu, a kashe a gwada, ko a mayar da Wi-Fi ɗin zangon gigahaz 5 idan akwai shi. A kwamfuta kuma, filas ko rumbun ajiyar bayanai (hard disk) da aka jona a ramin USB 3.0 yana iya fitar da hayaniyar da ke damun Bluetooth. Masu iyafis da ke amfani da LDAC, wato tsarin tura sauti na kamfanin Sony, su sani cewa matakinsa mafi girma yana tura kilobit 990 a daƙiƙa, kuma saukar da shi zuwa 660 ko 330 yana sa haɗin ya yi ƙarfi a cikin cunkoso.

Wani lokaci haɗin yana nan amma karatu ko waƙa ne kawai ke fitowa, kira kuma ya ƙi, ko akasin haka. Hanyar sauraro daban take da hanyar kira, kuma a Android kowacce tana da nata makunnin a ƙarƙashin sunan iyafis ɗin. A tabbatar duka a kunne suke. Wannan rabuwar ce kuma ke sa sauti ya dusashe da zarar an shiga kiran WhatsApp ko taron Zoom, domin buɗe makirufo yana tilasta wa na'urar komawa hanyar kira, wadda ingancinta bai kai na sauraro ba. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma a kwamfuta ana kauce mata ta hanyar zaɓar makirufon kwamfutar a bar iyafis ɗin da aikin ji kawai.

Idan an bi duk wannan kuma kunne ɗaya yana mutuwa bayan 'yan mintoci da cika caji, to batirinsa ne ya tsufa. Batirin litiyom ne ɗan mitsitsi, ƙarfinsa yana raguwa da yawan caji, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa, don haka barin akwatin a gaban mota cikin ranar bazara yana cin rayuwarsa sosai. Wanda ya saba amfani da kunne ɗaya kullum zai ga wannan kunnen ya riga ɗan'uwansa gajiya. Wasu kamfanoni, irin su Apple, suna sayar da kunne guda a madadin wanda ya mutu ko ya ɓata, amma sai an saka sabon da tsohon a akwati an goge ƙwaƙwalwarsu tare kafin su san juna. Idan kuwa aka ga jikin iyafis ɗin ko akwatin ya kumbura, ko ya buɗe ta wurin ɗinki, ko yana zafi fiye da kima a lokacin caji, a cire shi daga wuta nan take, kada a sake sa shi a kunne, kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.