Saƙar Abarba da Kwarashi: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

Duk wadda ta kawo mini shimfiɗar tebur mai zanen abarba tana kukan ta karkace, kafin in duba zare ko kwarashi sai na fara ƙirga idanun abarbar, wato 'yan ramukan da ke cikin saƙarta. Yawanci a nan ɓarnar take.

Abarba tana farawa ne da dogayen ɗinki da aka jera kamar mafici a cikin ido guda. A kansu ake ɗora ƙananan idanu, galibi kowanne da sarƙa 3, kuma duk zagaye ido ɗaya ke raguwa: 8, 7, 6, har a iso guda a tsini. Idan shimfiɗar tana da abarba 8, dole kowacce ta zo da adadin idanu daidai da na 'yan'uwanta a wannan zagayen. Mai koyo takan tsallake idon farko ko na ƙarshe, wanda ke laɓe a gefe, ba ta farga ba sai bayan zagaye uku, lokacin da wata abarbar ta riga sauran rufewa. Cusa ƙarin ɗinki ba ya gyara komai, don da an shimfiɗa ta kuskuren zai fito fili. Ki warware har inda aka ɓata. Na san akwai ciwo a warware aikin yini guda, amma babu wata hanya. Daga nan ki riƙa ƙirga kowace abarba a ƙarshen zagaye, ki kuma ɗaura guntun zare mai wani launi a mafarinsa.

Sai zaɓen zare. Ulun hular jarirai yana da gashi, yana dushe zanen. Zaren auduga mai sheƙi lamba 10 shi ne na wannan aiki, da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 zuwa 1.75. Ki lura, lamba na hawa zare na ƙara siranta: 20 ya fi 10 siriri.

Idan saƙar ta tashi kamar ƙoƙo, hannunki ya matse, musamman a sarƙa. Sassauta ko ki ɗauki kwarashi mafi girma kaɗan. Idan bakinta ya yi tattara kamar ganyen latas, ɗinki ya yi yawa ko hannu ya saku.

Masu koyo ta intanet suna da tasu matsalar. Sunan da Amurkawa ke kiran dogon ɗinki mai naɗi ɗaya (wato a naɗa zare a kwarashi sau ɗaya kafin a soka), a Ingila sunan gajeren ɗinki ne. Shi ya sa na fi son bin zanen alamomi: sanda mai gilma ɗaya naɗi ɗaya, mai gilma biyu naɗi biyu, kuma daga tsakiya ake karantawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a gama wahala a ɗora shimfiɗar kan tebur a yamutse. Ki wanke ta, ki tsoma a sitaci, ki matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba. Ki baje ta kan katifa ko kwali mai tsabta, ki kafe kowane tsini da fil marar tsatsa, kina kafe wannan ki kafe na daura da shi, ki bar ta ta bushe sarai kafin ki zare su. Ruwan sukari da wasu ke sawa yana ƙandarar da ita, amma tururuwa yake gayyatowa.