Darasi na 9: Sayo, saye, sayar

Alhaji yana Tawa, ƙanensa yana Galmi lokacin cirar albasa. Ya miƙa wa yaro salula ya ce a rubuta: "Sayo albasa." Yaro ya danna "Saye albasa." Da yamma ƙanen ya kira: "Yaya, duk garkar zan ɗauka? Ina kuɗin?"

Harafi ɗaya ne ya jawo wannan. Ku karanta da ƙarfi, ku saurari ƙarshen kalma:

Na sayi albasa.
Na sayo albasa.
Na saye albasa.
Na sayar da albasa.

Na farko ciniki ne kawai. "Sayo" ya nuna kaya sun taho nan inda mai magana yake. "Saye" kuwa bai bar wa kowa ko ƙwara ɗaya ba. A "sayar" kaya sun fita, kuɗi sun shigo. In kuma ta yi tsada, sai ka ji an ce albasa ba ta sayuwa bana. Kalmar da ke faɗin aikin da aka yi ana kiranta aikatau. A 1960 wani masani ɗan Ingila, Parsons, ya kasa aikatau na Hausa aji 7 bisa irin wannan sauyi. Ba sai kun haddace ba, tun kuna goye kuke jin su.

Yanzu mu shiga cikin gida. Yarinya ta dawo daga rijiya hannu wofi.

"Inna, tulu ya fashe."

"Ya fashe, ko kin fasa?"

Inna ba ta taɓa zama aji ba, amma ta gane inda aka ɓoye mai laifi. Manya ma haka muke yi da "an". A taron adashi sai ma'aji ta ce, "An taɓa jika 15." Wa ya taɓa? Ni dai in na ji "an" a maganar kuɗi, nakan gyara zama.

Abin da aka fara ambata ma yana da nauyi. "Hadiza ta biya jika 2" labari ne. "Hadiza ce ta biya" na nufin ba wata ba. "Jika 2 Hadiza ta biya" kuwa, da alama akwai saura.

Aiki: kowa ya rubuta jimla 3 da kai, kawo, da ɗauko. Sannan ku zauna bibbiyu, ɗaya ya karanta "Na ranci jika 5", ɗayan "Na ranta masa jika 5". Ku faɗa wa malama wa ake bi bashi a kowace.