Yadda ake auna ƙaruwar ɗalibi a darasin hidimar al'umma

Jami'o'i da dama na tura ɗalibai su yi wa al'umma hidima a matsayin darasi mai maki, har jami'ar PolyU ta Hong Kong ta wajabta shi tun 2012. Turawar ba wuya. Aikin yana wajen gane ko sun ƙaru, balle idan ba al'adarsu ɗaya ba.

Da farko ka tsayar da abin da za ka auna: aiki da ilimin aji, iya zama da mutane, tausayi, sanin kai. Uku ko huɗu sun isa.

Sai takardar tambayoyi, wadda ɗalibi zai riƙa ba kansa maki daga 1 zuwa 5. In za a fassara ta, a bi hanyar da masanin halayyar ɗan Adam Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta. Wannan kaɗai bai wadatar ba. Ka zaunar da ɗalibai biyar ko shida, ka karanta musu "Ina faɗin ra'ayina ko da ya saɓa wa na shugaba," ka ji abin da suka fahimta. Wani jarumta zai ji, wani kuwa rashin kunya tsagwaronta. Tambaya irin wannan a sake mata fasali ko a cire ta.

A cike takardar farkon zango da ƙarshensa. A nan ake yawan ruɗewa. Ɗalibar da ta ba kanta 5 a fahimtar halin nakasassu na iya komawa 3 bayan wata uku tana aiki da su, don sai yanzu ta san ba ta sani ba. Shi ya sa a ƙarshen zango ake ƙara tambaya: yanzu da kika gani da idonki, nawa za ki ba kanki na farkon zango?

Wajen kwatanta ƙasashe, kada ka jera maki tsura. Wani bincike na 1995 ya nuna 'yan sakandaren Japan da Taiwan sun fi na Amurka da Kanada zaɓar lambar tsakiya. Don haka ka duba tazarar da kowane rukuni ya matsa daga inda ya faro.

Daga nan ka karanta rubutun da ɗalibin ke yi duk mako kan aikin, ka kuma tambayi waɗanda ya yi wa hidimar: yana zuwa a kan lokaci, yana saurare kafin ya ba da shawara?