Bayan jami'an duba wurin aiki sun tafi: kurakuran da ke jikkata ma'aikatanmu a Legas

Duk mai sito a Agege ko Mile 12, da ɗan kwangilar da ke tara leburori a Lekki, ya san yadda ake shirin zuwan jami'an gwamnati. A share fili, a fito da hulunan kwano daga kwali a raba, a goge takardar shaidar da ke rataye a ofis. Suna juya baya a tattara hulunan a mayar, kada su tsufa. Wannan shi ne uban kurakuran, wato ɗaukar cewa wanda ya gamsar da hukuma ya kare ma'aikatansa.

Dokokin suna nan, kuma bin su wajibi ne. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, sannan Jihar Legas tana da tata hukumar kiyaye haɗurra da aka yi wa doka a 2011. Sai dai jami'i ba ya nan ƙarfe biyun dare lokacin da ake sauke tirelar siminti a guje don a riga cunkoson safe. A wannan lokaci abin da mutane suka saba yi shi ne ke aiki.

Je ka duba tukunyar kashe gobarar da ke shagonka. A wuyanta akwai ɗan agogo mai allura. In allurar tana kan kore, da sauran ƙarfi a ciki. In ta faɗa kan ja, kwalliya kawai kake yi da ita. Daga nan ka kira yaron shagonka ka ce ya nuna maka yadda ake zare fil ɗin. Da yawa ba su taɓa riƙe ta ba, wasu ma an ja musu kunne kada su taɓa, wai kayan Alhaji ne. Ka ware rana guda kowa ya gwada da hannunsa: a zare fil, a saita bakin a gindin wutar ba a harshenta ba, a matsa, a riƙa kaiwa da komowa. A kuma gaya wa kowa cewa wutar lantarki da ta mai ba a watsa musu ruwa.

Ƙofa ma haka. Tsoron sata kan sa maigida ya garƙame ƙofar baya da kwaɗo, ko ya jibge buhuna a gabanta. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba da ke Ikorodu, gomman ma'aikata suka mutu, kuma rahotannin lokacin sun ce an kulle su ne a ciki. In sata ce damuwarka, sa ƙofar da ake buɗewa daga ciki kawai, ka ajiye maigadi a wajenta. Ba a kulle mutum da kwaɗon da makullinsa ke aljihun wanda ya tafi gida.

Kuskuren da na fi so a tsaya a kansa shi ne yadda ake karɓar wanda ya zo da gargaɗi. Lebura ya ce, "Oga, igiyar nan fa ta fara tsinkewa." Heluma ya amsa, "Kai Malam, in ba za ka iya ba ka faɗa, ga wasu can bakin get suna jira." Shi ke nan, an rufe bakinsa, an kuma rufe bakin mutum goman da suka ji. Gobe in bulo ya faɗo daga hawa na uku ya kuskure kan wani, dariya za a yi, a ce Allah ya kiyaye, a ci gaba da aiki. Alhali wannan bulon da bai sami kowa ba shi ne gargaɗi mafi araha da za a samu, domin abin da ya sa ya faɗo yana nan ba a gyara ba.

Manyan masifu ma da sanarwarsu suke zuwa. A Bangaladash, an ga tsagewa a jikin ginin Rana Plaza, amma washegari aka tilasta wa masu ɗinki komawa ciki. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ya rufta da su, mutum fiye da 1,100 suka mutu. A nan gida, bene mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma bayan abin ya faru wasiƙar wani kamfanin injiniyoyi ta fito, wadda tun 2020 ya rubuta yana janye hannunsa daga aikin. Ba rashin mai gani ba ne, rashin mai saurare ne.

Gyaran yana hannun maigida, kuma sai an gani a aikace. Ya faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya tsayar da aiki saboda ya hango haɗari ba za a taɓa masa kuɗin yininsa ba, ko da daga baya an duba an ga babu komai. Ranar da wani ya gwada, a canza igiyar nan take, a yi masa godiya a bainar jama'a. Leburori ba sa karanta sanarwar bango, abin da ya sami na farkon da ya yi magana suke kallo. In kuma haɗari ya auku, tambayar farko kada ta zama laifin wa, ta zama me ya kai shi ga yin haka. Sau da yawa za a tarar tsanin kirki ɗaya ne a wurin, kuma yana hannun wani.

Yadda ake biyan kuɗi shi ma yana tura mutane cikin haɗari ba tare da an ce uffan ba. Aikin jinga, inda ake lissafi da yawan buhu ko yawan sawu, yana gaya wa ɗan dako cewa hutawa asara ce. Buhun siminti kilo 50 ne, amma za ka ga yaro ya ɗora biyu a ka yana sassarfa a kan katakon da ya jiƙe. Daga nan ne ƙwaya ke shigowa, turamol da 'yan uwanta, don jiki ya daina jin gajiya. Direban da ake biya da sawu kuwa ba zai so ya kwana wurin makaniki saboda birki ba. Mazauna Legas ba su manta da tankar man da ta kama da wuta a gadar Otedola ranar 28 ga Yuni 2018 ba, inda motoci fiye da 50 suka ƙone. Ba sai an soke jinga ba, amma a ƙayyade nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka, a kawo baro ko kura, a biya direba kwanakin da motarsa ke gareji. In azumi ya zo, a mayar da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya.

Wasu kuma da zarar sun sayi hular kwano da safar hannu sai su ga sun gama. Kayan kariya su ne mataki na ƙarshe. Kafin su, a kawar da haɗarin kansa in zai yiwu: wayar lantarkin da aka naɗe da leda tana kwance a ƙasa, a garin da ruwan sama ke mamaye tsakar sito cikin awa guda, ɗage ta za a yi a canza, ba takalmin roba za a raba ba. Murfin injin yanka da aka cire don aiki ya yi sauri, a mayar da shi. Kayan kariyar ma su zama na gaske. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, shi ya sa yaran masu walda ke kwana suna kukan kamar an zuba musu yashi a ido. Sannan maigidan da ya shigo wurin gini da silifas da hular zanna ya rushe duk abin da ya faɗa da safe.

Akwai maganar harshe. Allunan gargaɗi da Turanci suke, leburan kuwa makon jiya ya sauko daga Jigawa ko Maraɗi. Zai ce "to, ranka ya daɗe" ko bai gane ba, don kada a raina shi. Minti biyar kafin fara aiki, heluma ya tara mutane ya faɗi aikin yau da abin da zai iya cutarwa a cikinsa, da Hausa, da Yarabanci ko Burokin ga waɗanda ke buƙata. Sabon zuwa a haɗa shi da tsohon hannu har ya saba da wurin.

In an matsa, sai a ji wani ya ce ai komai ƙaddara ne. Gaskiya ne, amma Annabi (SAW) cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abin da na lura shi ne, mai faɗin ƙaddara kan lafiyar lebura bai taɓa barin sitonsa a buɗe ya dogara da ita ba.

Mutanenmu da yawa a wurin aikin suke kwana, masu gadi da yaran shago da leburorin gini, kuma ba a lissafa dare cikin sha'anin kariya. In ruwa ya sauko ko ana tsoron ɓarayi, sai a shigo da janareta cikin ɗaki ko baranda a rufe. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri take farawa da su, mai barci kuwa ba ya ma jin su. A yi wa janareta keji na ƙarfe a waje, nesa da taga. A manna lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, inda kowa zai gani. A san asibitin da ya fi kusa da kuma wanda zai tuƙa mota in abu ya faru da dare. A buɗe littafi a rubuta cikakken sunan kowane ma'aikaci, garinsu, da lambar wani ɗan uwansa, domin akwai wuraren da in ka tambayi sunan lebura, iyakar abin da aka sani shi ne Ɗan Sakkwato.