Kurakuran da ke cinye boris ɗin tirela, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya daɗe yana aikin ƙafar manyan motoci a Ijora ko Apapa da ke Legas ya san warin boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da ya ci wuta tun kafin a kwance taya. Ka buɗe hob, wato gidan boris da ake ɗaura taya a jikinsa, ka tarar giris ya koma baƙi ƙirin, ƙarfen ya yi shuɗi. Direba ya ce kayan kasuwar Ladipo ne ba su da kyau. Wani lokacin gaskiyarsa ne, akwai jabu. Amma sau da yawa hannun da ya ɗaura ne ya kashe shi.

Kafin boris, ran mutum tukuna. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Ƙasar Legas ga laushi, balle da damina, sai ka ga yaro ya zura ƙafafu ƙarƙashin aksul, mota da kwantena a kai, ba abin da ya tokare ta sai jak ɗaya a kan bulo. Bulo fashewa yake yi, ba sallama. A tokare tayoyi da waji gaba da baya, a shimfiɗa katako mai kauri, a zaunar da aksul kan ƙafar ƙarfe, a cire makulli a sa a aljihu. Idan noti ya ƙi kwantuwa, kada a hura masa wuta taya na jikin wili. Zafi na iya tarwatsa taya ko da an sace iskarta.

Babban kuskuren kuwa wajen ɗaure notin aksul yake. Wani ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, wai don kada ya kwance. Boris ya matse, giris ya kasa shiga tsakani, kafin mota ta wuce Berger, a bakin fita Legas, hob ya ɗau zafi. Wani kuma, don tsoron haka, ya bar shi yana rawa. Wannan rawar ita ke cinye sil, wato robar da ke tare bakin hob, giris ko mai ya zubo kan birki, birki ya daina kamawa. A tankar fetur wannan ba abin wasa ba ne. Rawar da ake so a boris mai saiti 'yar mitsitsiya ce, milimita 0.025 zuwa 0.127, wato iyakarta kusan kaurin takarda. Girgiza taya da hannu ba zai gaya maka wannan ba, komai gwanintarka. Agogon awo ne ke faɗa, kuma kuɗinsa bai kai na hob ɗaya da ya ƙone ba. A aksul irin na Amurka, ana ɗaure notin zuwa Nm 270 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri) ana juya taya don boris ya zauna, a sassauta zagaye ɗaya, a sake ɗaurewa zuwa Nm 68, sannan a ɗan ja baya gwargwadon zaren notin, a kulle, a auna. Motoci irin su Volvo da Scania da yawa hob ɗinsu a rufe yake zuwa, ba a saita shi, ba a cusa masa giris. Idan ya mutu, sabo ake sawa, a ɗaure da awon da kamfani ya rubuta.

Akwai kuma masu canza boris su bar tsohon zoben da yake gudu a ciki. Tare suka tsufa, tare ake cire su. Kada a buga sabo da guduma kai tsaye, kuma sil ba a mayar da tsoho.

Tsabta ita ce ta fi ba ni takaici. An wanke boris tas da kananzir, sai a ajiye shi a ƙasa, yashi ya manne. Kwali mai tsabta ya isa. Kuma a daina wulwula shi da iskar kwamfuresa don jin ƙararsa, yana iya watsewa a fuskar mutum. A cusa giris da tafin hannu har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen, amma kada a cika hob maƙil, yawansa ma zafi yake kawowa. Kada a gauraya giris iri biyu. Motar da ta ratsa ambaliyar titin Oshodi zuwa Apapa da hob mai zafi tana iya zuƙar ruwa ta sil. Idan giris ya yi fari-fari kamar kindirmo, a wanke duka a sake.

Direba, Alhaji, naka aikin yana nan. Notin taya yakan saki bayan an ɗaura, don haka a sake bin sa da sifana bayan kilomita 50 zuwa 100. Idan Arewa ka nufa, ka tsaya Ogere, a hanyar Ibadan, yaronka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka kai bayan hannunka kusa da kowane hob. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi, kada ka watsa masa ruwa ka wuce. Ka ajiye mota, ka sa a buɗe shi.