Matakan Shirin Hawan Duwatsun Chamonix Bayan Ruwan Sama

Ana yawan tambaya yadda ake shirya hawan ƙarshen mako a Chamonix da ke Faransa idan an kwana biyu ana ruwa. Ga matakan:

1. Ku duba hasashen Météo-France, hukumar kula da yanayi ta Faransa, ranar Juma'a da yamma.
2. Ku tambayi ofishin La Chamoniarde, ƙungiyar da ke kula da kariya da ceton masu hawan dutse a Chamonix, halin da hanyoyi suke ciki, domin ruwan da ya sauka a kwari yakan zama dusar ƙanƙara a can sama.
3. Ku zaɓi dutsen da ke fuskantar kudu, shi rana ke fara busarwa.

Gargaɗi: a nan aka fi kuskure. Fuskar dutse takan bushe alhali tsagoginsa na jiƙe, suna santsi.

4. Ku fita tun asuba, kafin zafi ya fara sa duwatsu su ɓalle su gangaro.
5. Ku adana lambar agaji, 112, a wayarku.